Na Bakin Taga a Ajin Mahaifina

Daga Allah muke, kuma can za mu koma gaba ɗayanmu. Mahaifina ya riga mu tafiya a damanar bana, masara tana kai gwiwa. An kai shi makwancinsa ana yayyafi, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a zaure da gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu a Funtua. Da yake ni ne babba, ni aka zaunar a tsakiya, ni ake miƙa wa hannu ana cewa ya haƙuri.

Gwaggona, ƙanwarsa, ta taso daga Malumfashi, tun daga bakin titi ake jin kukanta, sai da mata suka tare ta suna cewa ta bari, addu'a yake bukata. Baffana, yayansa, ko hawaye bai yi ba. Ya zauna yana jan carbi, can ya ɗago ya ce, ba da kowa yake ba, "Shi ya kamata ya binne ni." Mahaifiyata kuwa ta shige ɗaki ta fara takaba, ko tarinta ban ji ba.

Amma waɗanda suka cika ƙofar gidan ɗalibansa ne. Na ga malaman asibiti, na ga direbobi, na ga manoman auduga da taɓo a ƙafarsu. Akwai ɗan wani Bayarabe mai sayar da kayan keke, haifaffen garin nan, ya durƙusa yana kuka yana yi mini gaisuwa da Hausar da ta fi tawa. Akwai wani Kirista daga ƙauyukan Malumfashi, ɗan ajinmu, da ya tsaya gefe har aka idar da sallar gawa, sannan ya bi mu har maƙabarta. Kusan kowannensu magana ɗaya yake kawo mini, kamar sun haɗa baki.

"Wallahi bara na gamu da Malam a kasuwa, shekara da shekaru rabona da shi, ya kira ni da sunana har da na ubana."

"Ni har yau in zan yi abu sai in ji muryarshi, ya ambaci sunana ya ce, to kai mi ka gani?"

Ina cewa na gode, Allah ya ba da lada. Ni ma ɗalibinsa ne. Na zauna a ajinsa tun daga shigata sakandare har na fita, kuma tun da ya haife ni har ya koma ga Allah bai taɓa ambatar sunana ba. Ni ne ɗan fari. Abin da na yi ta jira a wurinsa bai wuce wannan ba: ya dube ni yadda yake duban 'ya'yan mutane, ya tambaye ni, ya tsaya ya ji. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi, amma ba zan rubuta shi in tsallake wannan ba, don babu abin da ya tsana kamar a ga abu a ce ba a gani ba.

Ana yaye ni aka kai ni Ƙarfi wurin kakata, mahaifiyarsa, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Can na tashi cikin dawa da auduga. Mahaifina yakan zo ranar kasuwa a kan kekensa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi awaki, ya tambayi rumbu, ya tambayi ƙafarta mai ciwo. Ni kuwa ina maƙale a bakin ƙofa ina kallonsa. Sai ya miƙe zai tafi, sannan ya dubi bango ya ce, "Inna, mutanen gidan dai lafiya?" Ni ne mutanen gidan. Ita kuma ta ce lafiya lau, sai ɓarna. Zai bar ƙulli a kan tabarma, wani lokaci ƙuli-ƙuli, wani lokaci takalmin roba, kuma takalmin bai taɓa yi mini kaɗan ko yawa ba.

Da na gama firamare aka dawo da ni Funtua, aka sa ni makarantar jeka-ka-dawo inda yake koyar da kimiyya. Shekarun da aka fara kawo takin zamani da sabon irin masara ne, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Mun saba da malamai masu cika allo da rubutu, mu kwafe, mu haddace, wanda ya yi motsi ya sha bulala. Ranar farko da ya shigo ajinmu babu alli a hannunsa. Karan dawa ya tumɓuko da saiwarsa, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya maƙale a gindinsa. Ya ajiye a kan tebur, ya wuce bayan aji ya zauna a benci cikin yara. Muka yi tsit, shi ma ya yi tsit, har abin ya fara ba mu tsoro.

"Ba wanda ubanshi ke da gona a nan?" in ji shi.

Kusan kowa ya ɗaga hannu.

"To kun fi ni sanin wannan abu. Ku taso ku taɓa shi, ba ya cizo."

Muka wanke saiwar a bokiti, muka ga da idonmu inda ƙudujin ya kafa baki a jikin dawar yana tsotsa. Ba shi ya faɗa ba, wata yarinya ce ta fara gani ta yi ihu. Ya kira sunanta, ya tsayar da ita gaban aji ta nuna wa kowa, shi yana bayanta yana gyaɗa kai.

Haka yake koyarwa har ya bar aiki. Ɗakin gwajinmu gwangwanayen madara ne da kwalaben magani da tsohon madubin mota. Yakan ce, "Ni na riga na ci jarrabawata, ajin nan naku ne." Yakan ce, "In na faɗa muku, aro kuka yi, za ku maido mini ranar jarrabawa ku tafi hannu rabbana. In kun gano da kanku, ko ni ban isa in ƙwace ba." Kuma yana da wani hali da sai wanda ya zauna da shi ya gane. Idan ka kawo amsar banza sai ya yi murmushi ya sake yi maka wata tambaya mai sauƙi. Idan ka kawo magana mai nauyi, ba ya cewa madalla. Sai ya tsuke fuska ya ce bai yarda ba, ya jefo maka wata hujja, ya tura ka ka gwada. Yara suka gane cewa wanda Malam ya yi wa gardama shi ya faɗi abin kirki, har alfahari ake yi da ita a hanyar gida.

Ga shi da jira. Kiristan nan da na ce ya bi mu maƙabarta yana da i'ina mai tsanani lokacin muna yara, har malamai suka daina tambayarsa komai don kada a ɓata lokaci. Wata rana da zafi mahaifina ya ajiye tulu da bokitin ƙarfe a bakin aji, ya ce a faɗa masa abin da ya sa ruwan tulu ya fi sanyi. Ya kira sunan yaron nan. Ya miƙe, ya maƙale a kalmar farko, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Aka fara dariya. Mahaifina ya ɗaga hannu ɗaya, dariyar ta mutu, ya zauna a gefen tebur ya haɗa yatsunsa. Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya motsa. Malamin lissafi ya zo bakin ƙofa yana gyaran murya, ko kallonsa bai yi ba. A haka, kalma tana fitowa da ƙyar tana jan 'yar'uwarta, yaron ya ce tulu gumi yake yi, kuma gumin ne ke bushewa ya tafi da zafin. Mahaifina ya tsuke fuska ya ce bai yarda ba, sai an naɗe bokitin da jiƙaƙƙen tsumma an gani. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da an ƙaryata shi kamar yaron nan ba. A zaman makoki ya riƙe hannuna ya ce daga ranar ya daina tsoron bakinsa, yanzu shi ke karanta wa mutane littafi a cocinsu.

Ni kuwa wurin zamana bakin taga ne. Kiran suna da safe ya bar wa monita, kowa ya san dalili. Idan ya zagayo da tambaya ta zo kaina, idonsa yakan tsallake ni ya sauka a kan na gabana. Idan na ɗaga hannu har kafaɗata ta ƙage, sai ya dubi wanda muke benci ɗaya ya ce, "Tambayi na bakin taga ko yana da abin cewa." In raɗa wa maƙwabcina, shi ya faɗa wa aji, Malam ya tsuke fuska ya yi gardama da shi a kan maganata, yana kiran sunansa. Wannan maƙwabcin nawa, Allah ya ba shi lafiya, kansa ba ya ja sosai, amma ya yi suna a makaranta da basira. Ni kuma na fita da laƙabi, har yau 'yan ajinmu Na-Bakin-Taga suke ce mini.

Ban kai kuka wurin mahaifiyata ba, don tata kunyar ta fi tasa. Ko tuwo sai ta ba ƙanena ya miƙo mini. Gwaggo na samu da hutu, na amayar mata da abin da ke cikina. Ta ajiye tankaɗe ta dube ni.

"Kai ɗan nan, so kake ya zubar da mutuncinshi gaban ɗiyan mutane? A ce ga wanda boko ya cinye, har yana kiran ɗan farinshi gatsau? Ubanmu haka ya yi wa baffanka, ka ga ya mutu?"

Na ce mata bai mutu ba, amma ban taɓa ganin ya yi dariya ba. Ta jefe ni da marar tuwo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mutumin nan bai ji tsoron kowa ba a kan yaro ya buɗe baki. Ɗan baffana yana ajin da ke bayanmu. Wata damina, a gaban 'yan gayya, Baffa ya ce ƙuduji ƙasa ce ke haifar da shi idan ta gaji, yaron ya ce bai yarda ba, iri gare shi, a riƙa cire shi kafin ya yi fure. Washegari Baffa ya hawo keke tun daga Ƙarfi, ya ƙi ko shan ruwa. Ina cikin zaure ina jinsu.

"Na ba ka yaro ka koya mishi karatu, ka koya mishi ɗaga mini murya gaban mutane?"

"Yaya, zagin ka ya yi?"

"Bai zage ni ba. Cewa ya yi bai yarda ba. Ni!"

"To ka yanka mishi gefen gona ya gwada. In ƙarya ya yi ka kama kunnenshi, ni ma ka zo ka kama nawa."

"Kai dai tun kana yaro bakinka ya fi ka girma."

"Yaya, yaron da bai iya ce wa ubanshi bai yarda ba cikin ladabi, gobe duk wanda ya zo da ƙarya zai bi shi."

Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita. Har aka yi girbi bai sake tako gidanmu ba, sai da kakata ta tara su ta yi musu kuka. Har yau Baffa bai ce ya yarda ba, amma a gonarsa ba a barin ƙuduji ya yi fure.

A makaranta ma bai sha da daɗi ba. Shugaban makarantar ya sha kiransa ofis a kan jarrabawa ta ƙarato allonsa babu rubutu, ajinsa kuma hayaniya kamar kasuwar kaji. Daga baya aka tura shi wata ƙaramar makaranta ta wajen Maska, ya riƙa zuwa a kan babur cikin taɓo, waɗanda ya koyar suka zo suka wuce shi a muƙami. Bai taɓa kawo maganar nan gida ba. Gwangwanayensa ya ɗaure a bayan babur ya tafi da su.

Kafin wannan canjin, a shekarata ta ƙarshe, na yi abin da ban taɓa yi ba. An tashi, kowa ya watse, yana durƙushe a bayan aji yana wanke kwalabe. Na tsaya a bayansa.

"Malam, ina da tambaya."

Bai juyo ba, amma bai tashi ba.

"Ka ce mana duk abin da ba mu san dalilinshi ba mu tambaya, ko wa ya faɗe shi. Mene ne dalilin da ba a kiran sunan ɗan fari?"

Hannunsa ya tsaya cikin bokiti.

"Wannan ban san amsarta ba," in ji shi. "Na nema."

"To an gwada?"

"An gwada. Bakin ne ba ya buɗewa."

Ya tsame kwalabensa ya jera a kwali, ya ɗauka ya wuce, bai dube ni ba. Na zauna a inda ya tashi na yi kuka mai yawa, rabi haushi rabi tausayi. Mutumin da ya ƙi yarda da shugaban makaranta, ya ƙi yarda da yayansa, ga shi abin da kakanni suka ɗaure masa harshe da shi ya fi ƙarfinsa. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, kuma ban ce na gama ba.

Na tafi makarantar aikin gona, na dawo aka ba ni aikin malamin gona a Malumfashi. Da na fara shiga ƙauyuka sai na tsinci kaina ina ajiye wa manoma tushen masara a gabansu ina yin shiru. Na yi aure, na haihu. Tsakanina da shi kuwa ba abin da ya canza: in zo in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana duban tabarma, saƙo kuma ta bakin ƙanena.

Da bazarar bana ƙafafunsa suka fara kumbura. Aka kwantar da shi asibiti, daga baya suka ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a. Duk mun san abin da ake nufi, shi ma ya sani, don sai da ya tsare likitan da tambayoyi har ya faɗa masa gaskiya.

Wata la'asar na zo daga Malumfashi na same shi an fito da shi tsakar gida, an jingina shi da matashi. Ƙanena ya kawo masa tushen masara daga gonarsa ta hanyar Maska, ganyen ƙasa duk sun yi rawaya. Yana jujjuya shi a hannu, hannun ya zama ƙashi. Na gaishe shi na koma gefe. Ƙanena ya gyara zama don ya karɓi saƙo ya miƙo mini kamar kullum, sai mahaifina ya ce masa ya je ya kawo ruwa. Da ya tafi, ya miƙo mini masarar da hannunsa. Na ɗago, na ga idonsa a kan fuskata.

"Kai ne malamin gona," in ji shi. "Mi ka gani?"

Ina da mata da ɗa, na tsaya gaban dagatai na yi bayani, amma a ranar na kasa haɗa kalma biyu. Ya haɗa yatsunsa a kan cikinsa ya jira. Da ƙyar na ce rawayar daga ganyen ƙasa ta fara, daga baki tana bin tsakiyar ganye, wannan yunwa ce, ruwan sama ya wanke takin, takin yuriya take so. Bai katse ni ba har na dire. Sannan ya tsuke fuska.

"Ban yarda ba. Gonar nan kwari ce, ruwa ne ya kwanta mata."

"Baba, da ruwa ne da saiwar ta fara ruɓewa. Duba ta, fara ce tas."

"Guda ɗaya ka gani. Daga wane gefen aka ciro ta?"

"Ban sani ba."

"To ka ga."

Muka yi ta yi. In kawo, ya ture, ya kawo, in ture. Ƙanena ya dawo da ruwa ya tsaya da kofi a hannu, baki buɗe. Na ga labulen ɗakin mahaifiyata ya motsa. Muryata ta ɗaga har na manta da marar lafiya nake magana, shi kuma idonsa ya yi haske yadda na san shi a gaban aji. Tari ne ya raba mu. Da ya lafa masa ya ce, a hankali, "Je ka raba gonar. Wasu layukan ka sa musu taki, wasu ka yanke wa ruwa hanya, sauran ka ƙyale su. In ta nuna ka dawo ka faɗa mini."

Da sassafe na je na yi yadda ya ce, na wuce wurin aiki ina waƙa a kan babur kamar yaro. Na ɗauka yanzu muka fara. Ban sake samun sa da rai ba.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa haƙurin da ka yi da 'ya'yan mutane ya tsaya maka ranar da kowa ke neman mai tsaya masa. Waɗanda ka koyar suna nan cike da ƙasar nan, ba za su bari a manta da kai ba. Ni ban da ƙarfin da zan yi musu alƙawarin komai, kewarka ta yi mini yawa.

Bayan an naɗe tabarmin makoki baƙi sun watse, na hau babur na tafi gonar. Tun daga nesa na gani. Layukan da na sa wa taki sun yi kore shar, waɗanda na yanke wa ruwa hanya suna nan da rawayarsu, daidai da waɗanda na ƙyale. Na tumɓuko ɗaya daga kowane ɓangare na ɗaure a bayan babur, na kamo hanyar Funtua da gudu, ina shirya yadda zan fara da abin da zan ce idan ya kawo zancen kwari. Wallahi sai da na jingina babur na shiga zaure sannan na tuna.

Na tsaya a tsakar gida da masara a hannu, ƙasa tana zuba a kan takalmina. Mahaifiyata tana zaune a bakin ƙofarta cikin kayan takaba. Ta dubi masarar, ta dubi ɗakinsa, sannan ta juyar da fuskarta ga bango.

"A shiga mana," in ji ta. "Ɗakin a buɗe yake."

Na shiga. An naɗe tabarmarsa an jingina, hularsa tana rataye a ƙusa. Na durƙusa inda na saba durƙusawa, na jera masarar uku a ƙasa, na fara da wadda aka ƙyale, na bi da ta ruwa, na ƙare da ta taki. Na yi bayani tun daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba, na yi shiru na jira. Babu wanda ya ce bai yarda ba.